Hannun Inna a Cikin Turmi

A gidanmu na Salaga ana aron komai. Ana aron tukunya, ana aron rariya, har zanen fita unguwa Inna kan bayar in an zo mata da baki mai daɗi. Abu ɗaya ne ba ya tsallake ƙofa, shi ne taɓaryarta ta sakwara. Ta ƙirya ce, baƙa wuluk don tsufa, tsakiyarta ta sha hannu har tana sheƙi. Kakanninmu fataken goro ne, haka ake faɗa mana, amma goron ya ƙare tun kafin a haife ni. Abin da muka tarar shi ne rumfa a bakin tasha, da turmi, da wannan taɓarya. Baba ya rasu ina goye. Da sakwara Inna ta rene mu, ni da Yaya, wana namiji.

Ga wanda bai san dakan sakwara irin namu ba, aikin mutum biyu ne. Ɗaya na tsaye da taɓarya, ɗaya na zaune a 'yar kujera dab da turmi, da kwanon ruwa a gefenta. Ta zaunen ita ce mai juyi. Taɓarya na tashi za ta tsoma hannu, ta naɗo doyar, ta tsince gudaji, ta janye, taɓarya ta sauka daidai inda yatsunta suka bari. Haka za a yi ta yi har doya ta kama jikinta ta yi danƙo. Ba a tsayawa kuma, don in doya ta huce a turmi ta ƙi ki ke nan. Inna ce mai juyi. Direbobin lorin doya da masu lodi sukan tsaya da kwano a hannu suna kallon hannun nan nata yana shiga yana fita, ita kuwa tana ta tsokanarsu, ko turmin ba ta dubawa.

Na fara daka bayan shekarar yunwar nan da gobarar daji ta cinye gonaki. Doya ta dawo kasuwa, amma matar da ke yi wa Inna daka ta tafi garinsu ba ta dawo ba. Ni a lokacin budurwa ce mai ji da ƙarfi, ga zuciya a kusa. Na damƙi taɓarya kamar zan shaƙe ta, na ɗaga, na maka, na sake makawa. Inna ta naɗe hannuwanta a cinya tana kallona har na jiƙe sharkaf, sannan ta tambaye ni ko doyar ta zagi ubana ne. Ta ce hannunta ba zai shiga turmin da ake dambe a cikinsa ba. Ta zuba mini ɓawon doya ta ce in yi ta daka shi, in na iya za ta sani.

Kai, na ji haushi! Ga masu ciniki suna dariya, ga ni ƙatuwa ina dakan abincin awaki. Na yi ta yi ina ƙunƙuni, kafaɗuna kamar an ɗora musu dutse, tafin hannuna duk ya yi bororo. Wata safiya da ta ga na gaji har faɗan ya fita daga jikina, sai ta tashi ta zo bayana ta ɓamɓare yatsuna daga jikin icen ɗaya bayan ɗaya, ta bar su a sake.

"Ki ɗaga ta ki saurara," in ji ta. "Can sama akwai inda take tsayawa, ba ta da nauyi ko kaɗan. Daga nan nauyinta zai dawo miki hannu. In ya dawo, ke dai raka ta."

Na ɗaga. Wallahi haka ne. Taɓarya ta kai ƙarshen tafiyarta ta yi tsit a tafin hannuna kamar ba ice ba, sai na ji nauyin yana taruwa can ƙasa a bakinta, yana jan yatsuna, na sakar mata ta tafi. Ƙarar da turmi ya yi ma daban ce. Inna ta koma kujerarta ta ce a kawo doya. Daga baya ta yi mini bayani tana wanke kwanoni. Ta ce ƙarfin kafaɗa ba abin yarda ba ne, na safe daban, na rana daban, na ranar da aka ɓata wa mutum rai daban. Nauyin ƙirya kuwa yadda yake jiya haka yake yau, kuma kullum lokaci ɗaya take ɗauka ta sauko. Ta ce da wannan nauyi hannunta ya saba, ba da ni ba, don haka kada in ji wani kai ya kumbura.

Ɗana da ke tuƙa wani attajiri a Kumasi ya taɓa ba ni labarin wasan da maigidansa ke yi, wai golf, manyan mutane da tumbi suna bin 'yar ƙwallo da sanda a filin ciyawa. Wai har wani suke ɗauka ya koya musu su sassauta riƙo su ji nauyin kan sandar kafin su buga. Na yi dariya har da hawaye, sai kuma na daina. Su in sun kuskure, ƙwallo ce ke ɓata a ciyawa. Ni hannun uwata ne a ƙasa.

Inna ta tashi ne a wani ƙauye a bakin kogi, inda ƙananan ƙudajen nan baƙaƙe ke cizon mutane a wajen wanki. Tun ina yarinya na san ta da susa, fatar ƙwaurinta ta yi dabbare-dabbare, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Ashe ciwon ƙudajen nan har ido yake ci. Idon a hankali ya fara tafiya, kuma ta ɓoye shi da wayo. Ranar da na gane, na ɗan matsar da kwanon ruwa ne don in share wurin, sai na ga ta miƙa hannu ta tsoma shi a iska inda kwanon ya saba zama. Na ce Inna, ta ce in rufe mata baki in mayar da kwano inda na gan shi.

Da muka tashi kasuwa ta gaya mini gaskiya, muna tafiya tana dafe da kafaɗata kamar mai hira. Ta ce ta san makafin garin nan ɗaya bayan ɗaya, wasunsu 'yan ƙauyensu ne, tare suka yi wanka a kogin. Ta san inda suke zama ranar Juma'a da sandunansu, ta sha saka musu sadaka a hannu. Ta ce ba ta raina su ba, amma ita ba za ta zauna a wannan layi ba. Muddin hannunta na cikin turmi, mai sakwarar tasha ce sunanta, ba wanda zai kira ta da ɗaya sunan.

Haka kuwa aka yi, shekara da shekaru. Da kunne ta koma juyi. In taɓarya ta rabu da sakwara takan yi wani ɗan ƙara kamar an zare ƙafa daga laka, to daga wannan ƙara Inna ke sanin iya lokacin da take da shi. Gudaji kuwa dama da yatsa ake jin su. Direbobi da yawa sun ci sakwararta sun tashi ba su san ba ta ga fuskarsu ba, don da murya take gane kowa, ta kira shi da sunan tsokanar da ta laƙa masa.

Amma ni abin ya ɗaure. Ba mai yi mata daka sai ni. Na yi aure a nan cikin gari, mijina tela ne mai haƙuri, duk da haka kullum garin Allah ya waye ina tasha. Na yi daka da ciki, na yi daka da goyo. Da na haihu ina wankan jego aka samo wata mai ƙarfi ta riƙe mini, Inna ta saurari saukar taɓaryarta kaɗan, ta ce a ba ta abinci ta tafi, ta rufe rumfa har na fito. Na yi mita, ba zan ɓoye ba. Na sha ce mata ni kaɗai aka haifa ne, ko an ɗaura mini aure da turmi? Takan ce in na gama surutun in ɗauko taɓarya, doya na hucewa. Ina fushi ina daka, amma fushin bai taɓa shiga taɓarya ba, don ba ni ke saukar da ita ba.

Sai shekarar rikici ta zo. Ba zan shiga zancen wa ya fara ba, na gaji da jin sa. Mu dai da ke zango, unguwar Hausawa, mun ga hayaƙi ta wajen ƙauyukan da ke kawo mana doya, mun ga mutane suna shigowa da tabarmi a ka, wasu ba ko takalmi. Masu noman doyar da muka sani da fuska ba mu sake ganinsu ba. Tasha ta mutu murus. Inna takan sa in kai ta rumfa ta zauna gaban busasshen turmi, hannunta a cinya yana ɗan motsi shi kaɗai. Yaya yana Bawku a lokacin yana cinikin tumaki da albasa. Da abin ya ɗan lafa ya aiko mu taho, ya ce can akwai likitocin ido da ake zuwa wurinsu har daga ƙetaren iyaka. Mijina ya ce mu yi gaba, zai tsaya ya ga abin da hali zai yi da gida da keken ɗinkinsa. Turmi ya fi ƙarfin ɗauka. Taɓarya kuwa Inna ta rungume ta a cikin mota, ta ƙi yarda a ɗora ta sama.

Motar da Yaya ya haɗa mu da ita daga Yendi take tashi, don haka muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, muna jiran a ce hanya ta yi kyau. Garin ya yi jugum. Kasuwa rabi a rufe, mutane na magana ƙasa-ƙasa, gidan Gwaggo cike da baƙin da suka gudo. Ranar tafiya direba ya ga taɓarya ya girgiza kai. Ya ce ana tsayar da mota a kowane shingen bincike, duk icen da zai iya fasa kai in an gan shi za a sauke kowa, shi ba zai kwana a hanya saboda taɓarya ba. Na buɗe masa wuta. Na ce ya dubi tsohuwar nan da kyau, wa za ta fasa wa kai? Na ce in tsoro yake ji ya ba ni sitiyarin. Mutane suka taru, ana ba ni haƙuri ina ƙara hawa. Inna ce ta ja mini zane ta ce ya isa, mutumin yana da gaskiya. Ta miƙa wa Gwaggo taɓaryar da hannu biyu, ta ce a jingine ta a ɗaki kada rana ta tsaga ta, a riƙa shafa mata man kaɗe, za mu aiko.

A Bawku likitoci sun duba ta da kyau, sun yi mana magana da mutunci. Suka ce abin da ke cikin idon ya riga ya mutu, ba abin da za a iya yi, sai maganin da zai rage mata ƙaiƙayi. Ni na yi kuka a bakin asibitin. Inna ba ta yi ba. Muna hanyar gida ta tambaye ni ko na ga doya a kasuwar garin nan.

Yaya ya ce ta huta, shi zai ciyar da ita, ai ta yi mai wuyar. Ta ce ba shi ya haife ta ba, ita ta haife shi. Bawku garin tuwon gero ne, amma direbobin kudu da ke zuwa ɗaukar albasa da dabbobi sakwara suke nema, Inna kuma ta ji muryoyinsu tun daga ɗaki. Muka aika Yendi a kawo taɓarya. Ɗan aike ya dawo hannu rabbana. Wai akwai lokacin da mata suka kasa fita daji neman itace, ga gida cike da yara, Gwaggo ta sa aka faskare ta. Na tsine, na zage, na ce ko kujerar zamanta ba ta gani ba sai taɓaryar uwata? Inna ta ce ƙirya tana daɗewa a wuta, ta san ta dafa musu tuwo da yawa. Daga nan ba ta sake ambatonta ba.

Yaya ya sayo turmi da taɓarya a kasuwa, yana murna. Allah ya sani da zuciya ɗaya ya yi, shi namiji ina ya san bambanci? Ta icen dogon yaro ce, sabuwa fil, fara tas. Ina ɗaga ta na gane. Ba komai a cikinta. Na kai ta sama na saurara, nauyin da nake jira bai zo ba. In na sake ta, sai ta faɗa kan doya ta yi tsalle. Dole sai an bi ta da kafaɗa, abin da Inna ta cire mini tun ina budurwa. Na gaya mata, na ce mu jira a samo wata. Ta ce doya na kan wuta, mutane na jira a kan benci, in daina shagwaɓa.

Mun fara lafiya. Ina ƙoƙarin kwaikwayon saukar tsohuwar, ina ƙirga lokacin a jikina, ita tana juyi kamar kullum. Amma ice mara nauyi saurin tashi yake, saurin dawowa yake, kafaɗa kuma tana gajiya. Can doya ta fara danƙo, na ƙara ƙarfi don ta shiga, taɓarya ta riga lokacinta. Na ga yatsun a ƙasa, na karkatar da ita iya ƙarfina, bakinta ya daki gefen turmi ya zame ya kama ɗan yatsanta na tsakiya. Ba ta yi ihu ba. Ta ja numfashi ta haƙora kawai. Farcen ya tsage, jini ya shiga sakwarar ya yi ja a cikin fari. Ta ce in kwashe in zubar a bayan gida kada kowa ya gani, in ce musu doyar ce ba ta da kyau.

Yatsan ya kumbura, farcen ya fita, bai sake tsirowa daidai ba. Duk zaman jinyar nan Inna ba ta ce laifina ne ba. Icen take zagi, wai sandar kora kaji aka sayo mata. Yaya kunya ta ishe shi, ya shiga cigiya ƙauye-ƙauye duk inda ya je sayen tumaki, har ya samo taɓaryar ƙirya a wurin wata tsohuwa da ta daina daka. Ranar da ya kawo ta Inna ta shafa ta daga sama har ƙasa, ta ɗaga ta kaɗan ta sake ta a ƙasa, ta ji ƙarar. Tun barinmu Salaga ban ga haƙoranta ba sai ran nan. Ta ce wannan ta san aikinta, a ɗora doya da safe.

Da hantsi muka zauna. Ta gyara kwanon ruwa, ta ce bismilla. Na ɗaga taɓarya, ta tafi sama ta yi tsit ɗin nan da na sani, nauyin ya dawo mini hannu cif, kamar na gida. Ba abin da ya rage sai in raka ta. Sai idona ya sauka kan yatsan nan mara farce yana naɗo doya.

Na riƙe. Ƙiftawar ido ce kawai, har sai da na ga hannun ya fita sarai, sannan na saukar da ita a hankali, ina tallafe da rabin nauyinta. Na sake ɗagawa, na ce wa kaina wannan karon zan saki. Yatsuna suka ƙi. Na yi salati a zuci, na rufe ido ma, sai na ga jan nan a cikin fari, na buɗe da sauri. Inna ta ci gaba da juyi, amma na ga hannunta ya fara ruɗewa, yana fita da wuri ya jira, ya koma ya sake fitowa, yana neman lokacin da ya sani bai same shi ba. Doya ta huce a turmi, gudaji ya cika ta. Can ta ɗora tafin hannunta a bakin turmi, alamar a tsaya.

"Taɓaryar ta yi," in ji ta. "Ke ce kika riƙe."

Na ce gajiya ce, gobe zan saki.

"Ba za ki saki ba, 'yar nan. Na ji."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya fi ci mini rai. Da ta zage ni da na rama, mu yi ta yi har abin ya wuce, kamar yadda muka saba. Mun sake gwadawa washegari, da wata ranar kuma, don ni na nace. Duk ɗaya. Da wata mai juyi ina saki lafiya lau, har yau ina saki. In hannun Inna ne a ƙasa, nauyin na zuwa yatsuna suke ƙanƙamewa. Kada wanda ya ce mini da na daure. Ku ba ku ga yatsan ba. Ko yau aka mayar da ni gaban turmin nan riƙewa zan yi, kuma ko yau in na tuna abin da riƙon ya jawo mata zuciyata ƙuna take.

Ranar ƙarshe ta wanke hannunta a kwanon, ta zubar da ruwan da kanta, ta kife shi. Ta ce in ɗauke mata kujerar in kai bakin ƙofar ɗaki inda inuwa take. Da Yaya ya dawo da yamma ta kira shi, ta tambaya ko farar taɓaryar nan tana nan. Ya ce tana bayan ɗaki. Ta ce ya kai wa masassaƙi ya rage mata kauri, ya yanke ta daidai tsayin ƙirjin Inna, ai dama nauyin sanda gare ta. Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Ta ce ya ji ko bai ji ba.

Farkon fitarta da sandar gidan suna ne a cikin unguwa. Ina gaba riƙe da kan sandar, tana biye riƙe da ɗaya kan. Muka bi ta gefen tasha, masu lodin albasa sun tare hanya da buhuna. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago ya gan mu, ya ce wa 'yan uwansa su janye kaya, ga makauniya za ta wuce. Da ladabi ya faɗa, har da rusunawa. Na ji sandar ta ɗan girgiza a hannuna. Inna ta yi masa sannu da aiki, ta ce mini in rage sauri.